Anti Saude, Wadda Ta Ƙi Buga Hatimi a Kan Sunan Ƙarya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Anti Saude ta rasu. Da safen nan labarin ya iso ni, ina tsaye ina shanya. Ƙanwarta ta yi ta nemana a waya jiya, ba sabis. Har an yi mata sutura ban sani ba.

Haɗarin mota ne, jiya da azahar, tsakanin Katsina da Batsari. Kun san wurin nan da kowane direba yake taka mota iya ƙarfinsa, don tsoron kada 'yan bindiga su fito. Nan taya ta fashe. Na san kwana ne ya ƙare, amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa. Ba zan iya gaya muku wace ce ita ba, sai na faɗi abin da na shekara uku ina ɓoyewa.

Da yawanku kun san na je Umra na daɗe. Ba haka ba ne. Lokacin da aka rufe makarantar da nake koyarwa a wajen Runka, mutanen garin suka watse, sai na bi wata ejan na tafi Saudiyya aikatau. Bizata ta ƙare, fasfona yana hannun matar gidan da nake wa aiki. Aka kama ni a hanya, aka tsare ni.

Ba dawowa na yi ba. Koro ni aka yi.

Jirgin da ya kwaso mu a ƙaramin filin jirgin nan namu na Katsina ya sauka, wanda ba ya ganin jirgin waje sai lokacin alhazai. Tebur biyu na imigireshin, ɗaya na kwastan, fanka tana ta juya zafi. Babu mai fasfo a cikinmu, sai takardar tafiya ta gaggawa da aka ba kowa a can. A bi layi, a duba takarda, a cike fom, a ɗauki hoto, a dangwala yatsa, sannan a wuce binciken kaya.

A tawa takardar, sunana Zainabu, 'yar Kano. Ni na ba su wannan sunan, don kada labari ya iso gida.

Layi ya kawo ni gaban wata jami'a gajera mai tabarau. Ita ce Anti Saude. Ta tambaye ni wace unguwa nake a Kano. Ban ji sosai ba, na ce, "Mi kika ce?"

Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce, "Wannan 'mi' ɗin ba a Kano aka haife shi ba. Ni 'yar Batsari ce. Ke 'yar ina ce?"

Na ga waɗanda bayanansu suka saɓa an ware su gefe, ana cewa sai an yi bincike, ba wanda ya san kwana nawa. Ga 'yata can wajen mahaifiyata a Safana, shekara biyu rabona da ita.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ki rufa mini asiri. Ki buga hatimin kawai in wuce."

Ta ce, "Ba zan sa hannuna a kan ƙarya ba. Amma kuma ba zan tashi daga wajen nan in bar ki ba."

Ta miƙo mini takarda da biro, ta ce in rubuta gaskiya tun daga farko. Da ta ga rubutuna ta ce, "Au, ke malama ce?" Ta karɓi lambar hedimastanmu ta kira shi a gabana, ta ce wata takarda take tantancewa, ko ya san wata Habiba da ta koyar a wajensa. Ko kalma ɗaya ba ta ƙara masa ba. Sau uku tana shiga ofishin ogansu tana fitowa. Abokan aikinta suka tafi cin abinci, ita tana nan. Sai bayan la'asar ta kawo sabon fom da sunana na gaskiya, na dangwala yatsa.

Daga ranar ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Malama.

A wajen kwastan aka ce in buɗe kayana. Leda ce guda, kaya kala biyu da silifas. Wani daga cikin masu jiran 'yan uwansu ya ɗaga waya zai ɗauke mu. Anti ta tsaya tsakanina da shi, ta ce, "Malam, mayar da wayarka aljihu. Waɗannan ba abin kallo ba ne."

Hijabin da na shiga gida da shi nata ne na sallah. Nawa ya yi dauɗar da ba zan iya fuskantar mahaifiyata da shi ba.

Danginmu sun san juna, daga baya muka gano. Shekara uku, ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Ganinmu na ƙarshe sati uku ke nan, a gidan mahaifiyarta Inna a Batsari. Ta zo ne ta lallashi Inna ta koma wajenta Katsina da zama, Inna ta kafe ba za ta bar ɗakinta ba. Na ga Anti ta rame. Ta ja ni bayan ɗaki ta ce, "Malama, 'yan matan yankinmu nake gani a teburina. Takardunsu cikakku, dole in buga. Ina bugawa na san inda za su. In na yi magana su ce ni mai albashi ce, mi na sani?"

Ta ce akwai wasu 'yan mata uku cikin 'yan gudun hijirar da ke Batsari da ejan take zagayawa. Ta roƙe ni in je in zauna da su, in gaya musu abin da na gani da idona.

Na ce, "Anti, bari in yi tunani."

Ta ce, "To, yi tunanin. Amma biyu fasfonsu ya fito."

Sau biyu ta kira ni bayan nan. Ina kallon wayar har ta katse. Kunya ce, ba wani abu ba. Ɗazu ƙanwarta take gaya mini ɗaya daga cikin 'yan matan ta tafi satin da ya wuce.

Wannan ne yake cin raina.

Kuma ashe Inna ta yarda a ƙarshe. Ɗaukarta Anti ta taho yi jiya. Waɗanda suka je kai labarin sun tarar da ita zaune a tsakar gida, ta ɗaure kayanta, ta sa hijabi, tana jira.

Gobe in Allah ya kai mu zan je ta'aziyya, daga nan zan nemi biyun da suka rage. Ban sani ba ko za su saurare ni. Duk kuma wadda ake wa romon baka da aiki a waje, ko mai 'ya ko ƙanwa da ake zagayawa, ta neme ni. Abin da za a ce a kaina, a ce.

Ya Allah ka jiƙan Anti Saude. Yadda ta suturta bayinka, ka suturta ta. Ka sauƙaƙa mata tambaya, ka yalwata kabarinta, ka haɗa da waɗanda suka rasu tare da ita. Ka ba Inna da 'ya'yanta haƙuri. Ka kare yarinyar nan da ta tafi. Ka kawo mana ƙarshen wannan tsoro a hanyoyinmu.

Don Allah duk wanda ya karanta, kada ya tsaya a kan labarina. Ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a.