Faifan Baba a Gonar Shinkafa

Jama'a, yau na ga abin da ya hana ni cin abinci!

Na je gonarmu a Kura, na hango wani abu yana walƙiya a igiyar korar tsuntsaye. Na matsa. Innalillahi! Faifan marigayi Baba ne, shirin tsofaffin motocin tseren Italiya da ya sayo a Kano, muke kallo tare!

Na kira Yaya Sani, mai kula da gonar.

Ya ce, "Ba kai ka ce sayen faifai ƙauyanci ne, komai a waya ake saukewa ba?"

Ni na faɗa, wallahi, a gaban Baba ma.

Na juya faifan. Sunana da Baba ya rubuta a jiki, rana ta cinye. Wannan a ina zan sauke shi?