Faifaina a Gonar Shinkafa

Akwai mutumin da ko a sahun sallah na hango shi sai raina ya ɓaci, kuma taubashina ne, ɗan gwaggona. Ba zan kama sunansa ba, bai kai ba.

Shekarun da nake koyar da kwamfuta a Haɗejiya na haɗa wata 'yar manhaja mai tara makin jarrabawar yara ta fitar da sakamako. Ƙananan makarantu suka karɓe ta, har Kaugama da Kafin Hausa. Intanet a lokacin sai ka nemi tudu kana ɗaga waya sama, don haka duk gyaran da na yi wa manhajar sai an kai shi da ƙafa. Ni faifan sidi na zaɓa, irin wanda ake ɗora wa abu sau ɗaya ya rufe. Ko a kwamfutar da bairos ya cinye aka zura shi, ba abin da zai hau kansa. Kowace makaranta da nata, in sa hannu a bayansa, in liƙe a ambulan.

Taubashin nan shi ke da babur, sai ya zama ɗan aikena. Mutum ne mai rataya filas uku, 'yan na'urorin kwafar bayanai daga kwamfuta, a wuya kamar layu. Bai san bambancin manhaja da hoton biki ba, amma in ya ƙwama baƙin tabarau sai ka rantse shi ya ƙera kwamfuta.

"Kai bawana," in ji shi, "wa ke yawo da faifai yanzu? So kake in shiga ofishin hedimasta kamar mai tallan fim a tasha?"

Na ce ya kai abin da na ba shi kawai. Ya ce to. Ashe ambulan ɗaya ya farke, ya kwafi manhajar a filas, ya riƙa bin makarantu yana soka musu. Mutanenmu kuwa ba sa mayar da kwano fanko. Malamin wannan makaranta ya zuba masa wa'azi a filas ɗin, na waccan ya ƙara masa waƙoƙi, gogan naka yana washe baki yana godiya. Cutar bairos ɗin da ya kwaso a Kafin Hausa, ita ya je ya juye a Miga.

Hedimastan makarantar Miga malamina ne na firamare. Shi ya fara karɓar manhajar lokacin da kowa ke ɗari-ɗari, ya ce wa malamansa yaron nan shi ya koya masa riƙe fensir, ba zai ba shi kunya ba. Ana saura kwanaki a ba da hutu ya kira ni. Makin zangon gaba ɗaya ya ɓace, ga shi malamai sun daina ajiyewa a takarda tunda ya ce su yarda da ni.

Na hau acaɓa na nufi can. Hanyar ta bi ta fadamar da taubashin ke noman shinkafa, sai na hango wani abu yana walƙiya a gonarsa. Na ce a tsaya. Faifaina ne, a jere a igiya, suna juyawa a iska suna korar tsuntsayen jan-baki, ga sa hannuna a bayan kowanne. Shi kuma yana kishingiɗe a rumfa.

"Ka ga inda suka yi rana!" ya ƙwalo mini. "Wallahi ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba."

An ce ba a fushi da wasan taubashi. Wanda ya kafa wannan doka bai san nawa taubashin ba. Na ce wa ɗan acaɓa mu tafi, don ko zagi na ga ya fi ƙarfin darajarsa.

A Miga na tarar da malamai a gindin bishiyar bedi, an zube musu takardun jarrabawa suna sake tara maki da biro. Ba wanda ya ɗago ya dube ni. Malam ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo ruwa, ya tambayi lafiyar mahaifiyata. Na ciro sabon faifai daga aljihu na nufi kwamfutar, sai ya ɗora hannunsa a kanta.

"Bar ta haka, ɗana," ya ce a hankali. "Ka gaida mutanen gida."

Har Allah ya karɓi ransa bai sake kirana ba.