Mamacin da Matarsa Ta Ƙi Faɗin Sunansa

Har gobe ban manta da ranar Talatar da Malam Lawal ya shigo ofishinmu ba, saura shekara biyu in yi ritaya. Ku da kuka zo jiya kun tarar da kwamfuta, kuna ganin aikin rajistar haihuwa da mutuwa danna maɓalli ne kawai. Mu da littattafai muka tashi, manya masu baƙin bango, waɗansu tun ana kiran Njamena Fort-Lamy. Ni ne mai kula da ɗakin ajiyarsu, kuma da yake ni kaɗai ne Bahaushe a sashen, duk wanda ya zo ba ya jin Larabci ko Faransanci sai a ce ya je wurin Sani.

Malam Lawal tsohon malamin makaranta ne daga ƙasar Katsina, ya ba sittin baya da nisa. Ta gadar Ngueli ya ƙetaro daga Kamaru da 'yar jakarsa. Muka gaisa, ya ce takardar shaidar mutuwar mahaifinsa yake nema. Na tambaye shi shekarar rasuwar, ya ce bai sani ba. A ina ya rasu? Bai sani ba. Na ce to ya tabbata ma ya rasu? Ya ce wannan ma bai sani ba. Gaskiya raina ya soma ɓaci, don na sha ganin masu neman asali da ke zaton muna ajiye kakanninsu a aljihun tebur.

Sai ya ba ni labari. Mahaifinsa, Idrisu, baduku ne. Ya tashi zuwa Makka a ƙasa, ya bar mahaifiyar Malam Lawal da cikinsa. Saƙo ɗaya ya aiko daga Fort-Lamy, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Tsohuwar tana nan da rai, ta kwanta ciwo, kuma ta ce ba za ta yafe wa mutumin da ya yar da ita ba. In dai mutuwa ce ta tsare shi ta yafe, amma a kawo mata shaida. Ya ce, "Malam Sani, ba gado nake nema ba. Tsoro nake ji ta cika ba ta yafe masa ba."

Labarin ya taɓa ni, don nawa kakan ma hanyar Makka ce ta ajiye shi a nan. Amma na gaya masa ya rage sa rai. Mutanenmu ba sa kawo rahoton mutuwa. A yi wanka, a yi salla, a kai mutum makwancinsa kafin la'asar, shi ke nan. Wanda ake samu a littafi shi ne wanda ya rasu a asibiti, domin ba a ba da gawa sai da takarda.

Kwana huɗu muna buɗe littattafai. Gara ta ci wasu, ruwa ya manne wasu. A rana ta biyar na ci karo da wani shafi na kimanin shekara biyu bayan tafiyar Idrisu. Namiji, wajen shekara talatin, baduku, mai niyyar hajji, daga ƙasar Katsina. An kai shi asibiti ba ya magana, ya cika a ranar. Wadda ta kawo rahoto matarsa ce, Hajara. Gurbin sunan mamaci kuwa fayau, ba a rubuta komai ba. A gefe magatakardan wancan zamani ya yi ɗan rubutu da Faransanci, cewa an tambayi matar sau uku ta ƙi faɗin sunan mijinta.

Magatakardan bai san dalili ba, ni kuwa na sani. Kunya ce. Iyayenmu mata ba sa kama sunan miji, ko ana yanka su. Tawa uwar har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan babana a bakinta ba.

Malam Lawal ya dafa shafin, ya ce wannan shi ne. Ya roƙe ni in rubuta Idrisu a kwafin da zan ba shi. Na yi masa bayanin ƙa'ida: kwafi abin da ke cikin littafi yake ɗauka, ba ƙari ba ragi. Gyara sai alƙali ya yi hukunci, shi ma sai da shaidu. Duk da haka na je wurin shef ɗinmu, shugaban sashe, mutumin kirki amma ba ya lanƙwasuwa. Ya karanta, ya tambaye ni badukai nawa suka bi hanyar nan daga Katsina a shekarun. Ya ce in kawo shaida, in babu, kalas, magana ta ƙare.

Shaida ɗaya ce za ta iya kasancewa a duniya, Hajara. Na bi ta wurin tsofaffin matan unguwarmu, waɗanda sun fi kowane littafi sanin wa ya auri wa. Bayan mako guda aka ce tana raye, tana unguwar Lamadji wurin jikanta na auren baya.

Ran Asabar da hantsi muka hau babur muka je. Muka same ta a kan tabarma gindin darbejiya, ta tsufa tukuf, ido ya tafi, amma hankalinta ƙalau. Ta tuna asibitin, ta tuna magatakardan da ya yi ta daka mata tsawa. Ta ce wata biyar kacal suka yi da aure, ita tana yarinya, ba su haihu ba. Kowa Malam yake ce masa, ita ma haka. Labarin gida kuwa bai taɓa yi mata ba.

Malam Lawal ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, ba sai kin faɗa ba. Ni zan faɗa, ke dai ki ɗaga kai. Idrisu ne?"

Ta daɗe bakinta na motsi. Sannan ta ce, "Ɗan nan, da ina da shi da na ba ka, kunyar me ta rage mini? Sau ɗaya na ji shi, ranar ɗaurin aure, ta bayan zana. Ban taɓa faɗinsa ba ko a zuci. Na neme shi yanzu, ma fi, babu shi. Ya tafi."

Ya sake faɗin sunan, a hankali. Ta ce yana iya zama shi, yana iya zama Isa, ba za ta yi shaidar zur tana bakin kabari ba. Ta fashe da kuka, shi ma haka. Ni dai na koma gefe na tsaya kamar an dasa ni.

Ran Litinin na buga masa kwafin yadda yake, na ja layi a gurbin suna, shef ya sa hannu, na buga hatimi. Kafin Malam Lawal ya tafi ya sake dubana ya ce tsohuwarsa ba ta karatu, in na sa sunan wa zai sani? Na ce ni zan sani. Ya ce shi ma dai ba zai iya karanta mata abin da babu ba. Ya ninke takardar ya yi mini godiya, godiyar da ta fi zagi zafi.

Bayan wata biyu ya bugo mini waya, mahaifiyarsa ta rasu. Na yi masa gaisuwa, na kasa tambayar abin da ke raina. Shi ya faɗa da kansa. Ya karanta mata takardar, ta saurara har ƙarshe, ta ce ba ta ji sunan kowa ba.

Na yi abin da doka ta ce, kuma da za a maimaita haka zan sake yi, amma ban taɓa jin daɗinsa ba ko na rana ɗaya. Abin da na koya shi ne, aikinmu a ranar farko ake yinsa ko a ɓata shi; mai zuwa daga baya sai dai ya kwafa. Saboda haka in mace ta zo muku ta sunkuyar da kai, kada ku yi mata tsawa, kada kuma ku ja layi don ku tashi da wuri. Ku aika a kira maƙwabci ko limamin unguwa ya faɗi sunan. Wanda zai zo nemansa wataƙila ba a ma haife shi ba, kuma ranar da zai zo babu sauran wanda za a tambaya.