Kurar da ta tuba da sunan kakata

Murhu dai babu shi a hawa na goma sha ɗaya a unguwar Minguettes, can Faransa. Abin da muke da shi wani ɗan shofaj ne, abin ɗumama ɗaki na lantarki mai jan ƙarfe biyu, shi Kaka ke jawowa gaban ƙafafunta bayan sallar isha, tana yi masa tsaki, wai wutar da ba ta hayaƙi ba ta da amana. Daga Damagaram ta zo aikin ido, da bizar wata uku, a sanyin shekarar da na cika tara. Sunanta aka sa mini, shi ya sa babu mai kirana da shi a gida. Babana ɗanta ne na fari, bakinsa bai taɓa furta shi ba. Ni Ummi ce a gida, Mariama sai a lakkwal, wato makaranta.

Ni da ƙanena Sani mukan baje a ƙasa, ta gyara zani ta ce, "Ga ta nan, ga mai kunne." Wadda ta fi zama a raina ita ce ta kurar da ta zama ungozoma a garin awaki. Kura ce mai ladabi, gaisuwarta ma sai an gaji. In akuya ta haifi biyu, sai ta fito tana share baki ta ce an samu ɗaya, Allah ya raya. Awaki su yi godiya, har da tukuicin sabulu. Wata tsohuwar akuya ta lura ungozoma kullum ƙara ƙiba take, garin kuma ba ya cika, sai ta faɗi haka a bainar jama'a. Aka ce hassada ce, aka kore ta daji, kura ta bi ta can ta cinye. Ita kuwa kura ta tsufa cikin mutunci, ranar da ta mutu awaki suka yi ta kuka.

"To sai me ya faru?" in ji Sani.

"Sai aka yi sadakar bakwai. Ƙurunƙus, ku tashi mini daga ƙafa."

A lokacin ne Madam, malamarmu, ta ce kowa ya kawo labari daga gida, za a haɗa ɗan littafin aji. Ta ara mana wani tsohon littafin tatsuniyoyin Faransa mu ga yadda ake yi. A farkonsa akwai zanen wata tsohuwa tana kaɗi a gaban murhu, yara sun kewaye ta, kowane labari kuma an ɗaura masa jelar wa'azi a ƙarshe. Kaka ta kai zanen kusa da idon da aka gyara, ta tambaye ni sunan matar. Na ce ba a rubuta ba, sai sunan mutumin da ya yi littafin. Ta ce hm, ta miƙo mini.

Na rubuta labarin kura na kai. Madam ta karanta ta dafe ƙirji, wai yara ba sa jin irin wannan, ina darasin? Ni kuma ga son a yabe ni, kamar kazar da ta ga tsaba. Na sa kura ta ji kunya, ta fashe da kuka, ta amayo 'yan awakin da ransu. Tsohuwar akuya ta dawo gari aka ba ta haƙuri. A ƙasa na rubuta: gaskiya kullum ita ke nasara. Madam ta ce a tafa mini, aka tafa.

Da littafin ya fito na zauna gaban shofaj ina fassara wa Kaka, ƙirjina kamar ya fashe don alfahari. Ba ta katse ni ba har na gama.

"A wace kasuwa kika ga kura ta amayo abin da ta ci?" Ta sa yatsa a ƙasan shafin. "Wannan kuma mene ne?"

"Sunana ne, Kaka."

"Sunan wa?"

Na dubi babana. Ya miƙe ya shige kicin tun ba a ambaci sunan ba.

"Takwara, kin tsame daddawa daga miya, kin kai wa nasara ruwan zafi, kin ce Mariama ce ta dafa. Waccan tsohuwar ta littafinsu ta fi ni sa'a. Ita sun sace mata, amma sun rufa mata asiri, ba su sa sunanta ba."

Saura mako uku bizarta ta ƙare. Kullum bayan isha mukan baje a gabanta, ita kuma ta ja carbi. Sani ya roƙa, ni na yi kuka, ta ce mu je Madam ta ba mu. Har ta hau jirgi ba mu ƙara jin "ga ta nan" ba, kuma ba ta sake dawowa Faransa ba.

Yau a Paris nake, kuma abin dariya, tarihin littattafan yara nake bincike a kai. Na san su sarai, attajiran nan masu hular gashi na shekara ɗari uku da suka wuce, waɗanda suka kwashe labari daga bakin masu rainon 'ya'yansu, suka fesa masa turare, suka liƙa masa wa'azi don a tafa musu a falo. Na san jikokinsu ma, masanan da za su share yini guda suna gardama ko tsohuwar cikin zanen ta taɓa rayuwa, alhali babu wanda ya taɓa zama a ƙasa gaban kakarsa. Suna jajanta mata wai an hana ta suna. Nakan dube su in ji raini ya cika ni, sai in tuna ni ban kai shekara goma ba na yi abin da ya fi nasu.

Na daɗe kafin in gane Kaka ba tsoratar da mu take yi ba. So take mu san akwai ungozoma mai share baki, mu riƙa ƙirga 'ya'yanmu da kanmu. Ta rasu a Damagaram, ba ta bar rubutu ko layi ɗaya ba. Littafin ajin nan yana cikin akwatina, na kasa jefarwa, na kasa buɗewa. Duk duniya shi kaɗai ne labarin da ke ɗauke da sunanta, kuma a cikinsa kura ta tuba.