Kujerar Gaba a Motar Malam Inuwa

Malam Inuwa mai gyaran keken ɗinki ya shekara arba'in a rumfa ɗaya a bakin kasuwar Kawo, kuma ba wanda ya taɓa jin ya ce yana son mutane. Kekuna yake so. Ubansa tela ne a Unguwar Shanu, ya zaunar da shi koyon ɗinki, shi kuwa ya ɓata yadi uku a mako guda, ran da za a ba shi na huɗu aka tarar ya kwance keken gaba ɗaya ya baza a tabarma. Ya sha duka, amma da ya mayar da shi sai keken ya daina tsinke zare. Daga nan aka bar shi da abin da Allah ya ba shi.

Gidansa na Hayin Banki ɗaki huɗu ne, mutum goma sha tara: 'ya'ya, surukai, jikoki, da rediyo biyu da ba a kashewa. Sama da su duka akwai matarsa Hansai mai waina, mace mai jiki, mai murya, wadda idan ta yi raɗa makwabta ke amsawa. Ba su taɓa yin faɗan da ya kwana ba. Abin dai ita magana ce abincinta, shi kuwa shiru ne nasa, kuma shekara talatin da takwas ita ke ƙoshi.

Da telolin gari suka koma kekunan lantarki, tsofaffin baƙaƙen kekuna suka bi motocin kasuwa zuwa ƙauye, aikin Malam Inuwa ya bi su. Sai ya sayi tsohuwar ƙaramar bas daga wata makarantar kuɗi da ta rufe. Ya cire kujerun baya, ya shimfiɗa katifa, ya sa risho da buta da labule, ya rataya dadduma. A gida ya ce neman abinci zai riƙa fita, kwana uku a mako. Gaskiya ne, amma rabinta. Shirun kwana uku yake nema, kuma ya riga ya ɗanɗana shi a ransa kamar mai azumi da ya hango kunu.

Hansai ta zagaya motar sau biyu, ta leƙa ta taga.

"Malam, da ni za a."

"Motar aiki ce, Hansai. Ina za ki zauna?"

"Ga kujera nan kusa da direba."

"Ta baƙo ce."

"Wane baƙo ke zuwa wurinka? Kai da ko sallama sai an yi maka uku."

Ya juya yana gyara labule. Ya san wanda ya amsa wa Hansai ya buɗe wata ƙofar ne.

Fitarsa ta farko ta koya masa abu ɗaya. Bas na kaiwa Katabu lafiya lau, amma ƙauyukan da kekunan suke sai ta hanyar ƙafa da laka, inda babur kaɗai ke shiga. Babur kuwa yana da shi, sai dai ba zai kwana ɗaki ɗaya da warin fetur ba. Don haka ya nufi Rigachikun wurin Ila mai walda, ɗan kawunsa kuma abokin wasansa, ya ce a yi masa mazaunin babur a bayan mota.

Ila mutum ne da bai taɓa riƙe abin awo ba. A wurinsa ƙarfi da nauyi abu ɗaya ne. Ya tattaro ƙarfen tsohon gado, da rodi, da ragowar ƙofar shago, ya yini yana ƙona su, ya haɗa wani abu da ya turo bayan motar kamu uku.

"Ko raƙumi ka ɗora ba zai motsa ba," in ji Ila. "Balle wannan akwalar taka."

"Akwalar ta girmi shagonka."

"Shi ya sa nake girmama ta. Kawo katako mu tura tsohuwa."

Suka tura babur ta kan katako, suka ɗaure shi da igiya da robar tsohuwar taya. Da Malam Inuwa ya hau titi, 'yan acaba suka hango bas ɗauke da babur ɗaure, suka zaci masu kame ne, suka watse cikin lunguna kamar an jefa dutse cikin zabi. Wannan ya yi masa daɗi ƙwarai.

Daɗin bai kai Katabu ba. Sitiyari ya yi sakayau a hannunsa kamar murfin kwano. Idan ya karya dama, sai motar ta tsaya shawara kafin ta bi. Da ya shiga wani ɗan rami, gaban ya ɗaga, tayoyin gaba suka sha iska, motar ta gangara a hankali cikin gonar masarar wani bawan Allah ta tsaya. Mai gonar bai yi faɗa ba. Ya dai tambaye shi ko ya zo taya shi noma ne.

Ila ya saurari labarin yana sakace haƙori.

"Baya ya rinjayi gaba, shi ke nan. Sikeli ne."

"To rage ƙarfen."

"Aikina ba a yanka shi. Ka sa nauyi a kujerar gaba. Kamar buhu ɗaya da rabi."

Malam Inuwa ya fara da akwatin kayan aikinsa, bai isa ba. Ya sa buhun masara, motar ta ɗan natsu, amma kafin mako biyu ɓeraye suka gano gidan, suka gama da masara suka koma katifa. Ya sa bulo shida. Ranar da ya taka birki a gadar Kawo, ɗaya ya zamo ya sauka a kan babban yatsan ƙafarsa, ya yi sati yana sallah a zaune. Duk wannan bai faɗa wa kowa a gida ba. Ya ce tuntuɓe ya yi.

Abin da bai lissafa ba shi ne Ila na zuwa cin waina Hayin Banki duk Juma'a, kuma abokin wasa ba ya riƙe sirrin da zai ba da dariya.

Ran Litinin da safe ya fito da makulli, ya tarar da bulon jere a gindin bango. Hansai na zaune a kujerar gaba, ta yafa mayafinta na unguwa, tanda da kwanon ƙullu a ƙafarta.

"Sauko, Hansai."

"Ila ya ce buhu ɗaya da rabi. Jiya na hau sikelin masu hatsi. Har da ɗoriya."

"Ba ki jin kunya, ki hau sikelin hatsi a gaban mutane?"

"Kai da ka shiga gonar mutane da mota ka ji?"

Ya tsaya yana kallon jikokin da suka cika ƙofar gida. Sai dabara ta zo masa. Ya ce to, a gwada zuwa Rigachikun, idan motar ta yi rawa ko sau ɗaya, za ta sauka ta hau ta haya ta dawo. Ta ce ta yarda.

Motar ba ta taɓa tafiya irin ta ranar ba. Ta kama titi kamar an ɗinke ta da shi. Ya nemi ramuka ya faɗa da gangan, ya fizgi sitiyari a kwanar da babu dalili, ya yi addu'ar da bai kamata a yi ba. Gaban ko gezau. Hansai kuwa tun daga Kawo ta ɗauko labarin rabon gadon wata ƙawarta, har suka wuce Rigachikun ba ta kai ga rasuwar mai gadon ba.

"Ka ji ta kuwa? Lafiya lau," ta ce, ta daki ƙofar motar kamar mai yaba saniya. "Tsaya a Katabu ka sayo mini tsire. In na rame kai za ka sha wahala."

Ya tsaya ya sayo. Har yau yana sayowa.

Shekara uku ke nan suna fita tare. Inda titi ya ƙare sai su sauke babur, Hansai ta kafa tanda a inuwar mota, kafin hantsi ta san sunan kowa da na surukarsa. Shi kuwa ya ɗaure akwatinsa ya shige daji, kuma kullum ƙauyen da ya fi nisa yake zaɓa. Telolin can suna cewa ba su taɓa ganin mai gyara mai tsoron Allah kamarsa ba. Keken da allura kawai za a canza masa, sai ya kwance shi kaf a gindin ɗorawa, ya goge kowane ƙarfe, ya ɗiga masa mai ɗigo ɗigo, ba ya ce wa kowa uffan, sai ya ga la'asar ta yi sanyi sannan ya fara mayarwa.