Ɗige Bakwai na Gwaggo

Sunan da uwarsa ta raɗa masa ya daɗe da ɓacewa, kowa Dalma yake ce masa. Daga Litinin zuwa Juma'a mai gwajin jini ne a asibiti, da farar riga da safar hannu. Amma ranar Asabar da hantsi, ko gobara ake yi a maƙwabta, ba za ka fito da shi daga ɗan ɗakin nan na bayan kicin ba. A nan yake zama da ƙarfen narka dalma, da gilashin ƙara girma ɗaure a goshi, yana tayar da kwamfutocin da suka girmi 'ya'yansa.

Kai, mutumin nan da tsabta! Dunƙulen ƙura ɗaya ya gani a cikin inji sai ransa ya ɓaci har yamma. Kowane ƙusa da kwalbarsa, kowace kwalba da takarda manne. Buroshin haƙori kuwa ba ya kwana biyu a gidan. Matarsa ta gaji da saye, ta koma ɓoye nata a jakar hannu.

"Baban yara, wai waɗannan gawawwakin yaushe za ka binne su?" Haka take tsokanarsa kullum in ta kawo shayi.

"Gawa? Wannan da kike gani barci take yi. Ki dawo nan da awa ɗaya ki gaishe ta."

Kuma sau da yawa sai ta tashi ɗin. Ranar da allo ya kawo haske, Dalma har 'yar rawa yake takawa shi kaɗai, yara na leƙe ta taga suna ƙyalƙyata dariya.

To, akwai Gwaggo, yayar mahaifinsa. Shekara talatin ta yi tana buga takardu a kotu, da ta yi ritaya ta sayi wata tsohuwar kwamfuta mai ƙaton kai, ta kafa ta a gefen gadonta. Da ita take rubuta wa jikokinta wasiƙa duk mako, firinta na ƙara kamar keken ɗinki. Ciwon suga ya cinye mata ido, da ƙyar take rarrabe fuska, amma yatsunta ba su taɓa ba ta kunya ba. An sha kawo mata sabuwar waya mai magana, ta ce a kai kasuwa. Abu ɗaya take tsoro a duniya: likita ya faɗa mata wata rana ciwon zai iya kashe mata jin taɓawa a yatsu.

Da kwamfutar ta ƙi tashi, sai ta aika aka kira shi.

"Ɗan nan, wuta kawai ta ƙi kawowa. Ka gyara abin da ya lalace, ka dawo mini da abata."

"An gama, Gwaggo."

Gyaran bai ci masa minti arba'in ba. Wasu 'yan kayan wuta biyu da ake kira kafasita ne suka kumbura suka yi yoyo. Ya narka, ya zare, ya dasa sababbi, ya ɗiga dalma mai sheƙi, inji ya yi tari ya farka. Da mai hankali ne, a nan zai ɗaura murfi ya tsaya. Ina! Sai idonsa ya sauka kan madannan haruffa. Sun yi rawaya, sun yi maiƙo, ga wasu ƙuraje ja-ja masu tauri a kan wasunsu. Dalma ya ce tir, shekara nawa Gwaggo tana taɓa wannan ƙazanta? Ya ɓalle su ɗaya bayan ɗaya, ya jiƙa, ya dirje. Ƙurajen nan suka yi masa taurin kai, ya bi su da sifirit da bakin reza. Asabar biyu ya kashe a kai, har madannan suka fito sumul, farare tas.

Ya kai mata da kansa, yana tafe yana jin daɗin ransa. Ya jona, ya kunna, ya ja mata kujera.

Gwaggo ta yi murmushi da ta ji ƙarar da ta saba. Ta ɗora hannu biyu. Ta shafa dama, ta shafa hagu. Murmushin ya tafi. Ta murza yatsunta a zani ta sake ɗorawa, ta buga 'yan haruffa, ta tsaya. Sai ta janye hannuwan ta ajiye a cinya.

"Lafiya, Gwaggo?"

"Shi ke nan, ɗan nan. Abin da likita ya faɗa ya zo. Ba na jin ɗigena."

"Wane ɗige?"

"Na jan farce. Tun da ido ya fara gudu na ɗiga su, guda bakwai, ina ƙara wani a kan wani har suka yi tudu. Da su nake gane inda nake. Yanzu ko ɗaya ba na ji. Yatsun sun mutu." Hawaye suka zubo mata. "Ɗauke ta ka kai ɗakinka, ta fi amfani a can."

Kunya ta rufe Dalma, ga tsoro, don bakin Gwaggo ba a shiga da shi kotu a fito lafiya. Amma ganin hawaye a fuskar tsohuwar nan ya fi ƙarfinsa. Ya durƙusa a gabanta.

"Gwaggo, yatsunki lafiya lau. Ni ne. Na zaci datti ne, na kankare su."

Gwaggo ta juyo da fuska wajensa.

"Ka me?"

"Na kankare. Da reza."

Wallahi bai ga lokacin da ta lalubo takalminta ba, sai ji ya yi tas a kafaɗa. "Shashasha! Mai tsabtar banza! Na ce ka gyara wuta, ka je ka yi mata wankan jarirai?" Tana duka tana dariya tana kuka, duk a haɗe, shi kuma ya ƙi gocewa.

Ya ce bari ya karɓo jan farce wurin maman yara. Gwaggo ta ce a'a, ba ta yarda da abin da reza ke iya cirewa ba, tunda yana raye. Ta ce ya je ya ɗauko ƙarfen nan nasa mai zafi, ya yi mata tabon da ba ya gogewa.

"Gwaggo, robar za ta ƙone fa! Irin waɗannan madannan an daina yin su."

"Ni ma an daina yin irina. Je ka ɗauko."

Haka Dalma ya zauna a gefen gadon, ƙarfe a hannu, zuciya na ciwo. Tana faɗin harafi, yana dangwala bakin ƙarfen, roba na narkewa tana tasowa da ɗan tudu baƙi mai muni. Sau bakwai ya dangwala, sau bakwai ya runtse ido. Ya hura, ya jira suka huce, sannan ya kama hannunta ya ɗora.

Yatsanta ya tsaya a kan na farko. Ta danna, ta ɗaga, ta sake shafawa, ta daɗe a wurin.

"Ina ji," ta ce a hankali. "Ɗan nan, ina ji."

Ta share ido da bakin mayafi, ta gyara zama, ta ture shi da gwiwar hannu.

"Matsa ka ba ni wuri. Mako biyu yaran nan ba su ji daga gare ni ba."