Takardar da Ban Miƙa wa Antoni Janar Ba

Sana'ata a Makka ita ce gidaje. Ina karɓar benaye a unguwar Shisha daga hannun masu su, in gyara, in sauki baƙi lokacin Umara da Hajji. Yawancin baƙina 'yan siyasar jiharmu ne, kuma abin da ya riƙe ni a tsakaninsu shi ne ban taɓa bari a gane inda na karkata ba. Wanda ya ci zaɓe baƙona ne, wanda ya faɗi ma haka.

A azumin da ya gabaci wani babban zaɓe, Antoni Janar na jiharmu, wato Kwamishinan Shari'a, ya sauka a wurina da iyalinsa. Kujerarsa ba ƙuri'a ake jefa mata ba, gwamna ne ke ɗora wanda ya so. Amma kowa ya san ranar da jam'iyya ta faɗi, shi ma ya tafi.

Kwana biyu da saukarsa, wani malami ɗan garinmu da ke karatu mai zurfi a nan, mazaunin unguwar Utaibiyya, ya same ni bayan la'asar. Ƙaninsa direban bas ne a gida. 'Yan adawa sun yi hayar motarsa zuwa taro, rikici ya ɓarke, aka kwashe mutane har da shi. Wata bakwai yana tsare ba a fara shari'a ba, wai ana jiran shawarar ofishin Antoni Janar.

"Kawu, sa hannu ɗaya ne kawai," in ji shi. "Kai kake ganinsa safe da yamma. Ka san manyanmu, abin da aka roƙe su a garin nan ba sa iya cewa a'a."

Gaskiya ya faɗa. Mutanenmu kan ajiye buƙata har sai babba ya zo Makka, domin wanda ya fito daga ɗawafi yana jin nauyin hana mai roƙo. Ya miƙo min takardar koke, na karɓa na ce, "Halas, shi ke nan, Malam, ka ɗauka ta isa."

Da na hau sama sai na fara auna abin. Direban a taron 'yan adawa aka kama shi. In na miƙa takardar, baƙona zai ce ashe Alhaji na wancan ɓangaren ne, kuma kafin Sallah duk tawagar gwamnati ta ji. Sannan duk wanda ya zo daga gida yana gaya min jam'iyyar nan ba za ta kai labari ba. Sai na ce a raina, wata nawa ya rage? 'Yan adawa na hawa za su buɗe wa mutanensu ƙofa, direba ya fito, ni kuma ban ɓata da kowa ba.

Kwana goma muna buɗa-baki tare da Antoni Janar, ban ce uffan ba. Bayan ya tafi malamin ya tambaye ni. Na dube shi na ce, "Na ba shi hannu da hannu, ya ce zai duba." Ya yi ta min addu'a har na gaji da amin.

Hasashena na zaɓe ya yi daidai, 'yan adawa suka ci. Sabon Antoni Janar ma a wurina ya sauka da azumi ya zagayo, na kuwa tada maganar tun ranar farko.

"Ranka ya daɗe, akwai mutuminku guda da aka manta a ciki."

"Wace mazaɓa? Wa ya san shi?"

Na yi masa bayani. Ya ce waɗanda aka janye wa ƙara, shugabannin jam'iyya na ƙananan hukumomi ne suka kawo sunayensu. "Direban haya ai ba ɗan jam'iyya ba ne, Alhaji. Ko kati ba shi da shi. Irin wannan sai kwamiti ya zauna." Kwamitin bai zauna ba. Wannan ne ban hango ba: gwamnatin da ta tafi ta ɗauke shi ɗan adawa, wadda ta zo ba ta san da zamansa ba.

Bayan shekara guda da 'yan watanni tsohon Antoni Janar ya dawo Umara shi kaɗai, ba rakiya, na ba shi ƙaramin ɗaki. Muna cin shinkafar rana yana tsokanata: "Alhaji, da ina hawa na uku mai falo, yau ka kai ni maƙwabtan tankin ruwa." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai tankin ma sai da na yi maka hanya." Muka yi dariya. Sai na ba shi labarin direban kamar wani ne aka ba takardar.

Ya ajiye cokali. Ya ce a waccan Umarar mutane sun tare shi da irin waɗannan takardu a Harami, kuma duk ya sa musu hannu da ya koma, har da na 'yan adawa. "Ba wai kirki ba ne. Na san tafiya za mu yi, ban so in tafi da haƙƙin mutane a wuyana. Wanda aka ba wannan bai kyauta ba."

Washegari da hantsi na hau tasi zuwa Utaibiyya. Malamin ya shimfiɗa min darduma, ya kawo shayi, na gaya masa komai ban rage ba. Sai ya ce:

"Kawu, da ka ce min ba za ka iya ba, ai da na tare shi da kaina. Kullum sahu biyu ne tsakanina da shi a sallar tarawihi. Na ƙyale shi ne don kada a ce na dame shi sau biyu."

Na ɗauki lauya a gida, ya bi maganar ta kotu, wadda ita ce hanyar da ta fi tsawo. Direban ya fito bayan ya shekara uku da wani abu a tsare, ba a taɓa karanta masa tuhuma ba. Ya tarar da motarsa ta ruɓe a harabar 'yan sanda, ƙaramar 'yarsa kuma ta ƙi zuwa hannunsa don ba ta san shi ba. Yayansa ya ce shi ya yafe nasa, amma ba zai gaya wa direban abin da na yi ba, wannan aikina ne. Na karɓi lambar wayar direban tun a ranar. Har yau ban kira ba.